Shekarar da Baba Issaka Ya Ajiye Sifana

Na san abin da ake faɗa a kaina a unguwarmu ta Mount Hope, kuma na san ku ma kun ji. Wai ni ce na sa Baba Issaka ya ajiye sifana. Wai na ɗauke aikin motar babanku daga hannun dattijon da ya sauke mu a garin nan, na kai wa wata baƙuwa, na kunyata shi har ya daina taɓa ƙarfe. Mariama, ke kin taɓa tambayata muna kicin, na ce ki miƙo mini ludayi, maganar ta mutu a nan. To yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, bari in ba ku labarin yadda ya faru tun daga farko. Masu faɗa ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, amma sun kama labarin ta wutsiya.

Ku kun taso kun ga Baba Issaka tsoho mai raba muku alewa a bakin masallaci. Mu da muka san shi tun Kumasi, mun san shi fita ne, kamar yadda muke kiran makanike a Zongo, kuma fitan da direbobin hanyar Tamale ke yin layi a gabansa. Shi ya riga kowa zuwa New York. Da muka iso ni da babanku, a ɗakinsa na Highbridge muka sauka, ya rataya labule a tsakiya, ya bar mana gado ya koma kujera. Shi ya samo wa babanku taksi, shi ya nuna mini jirgin ƙasan da zan hau in je koyon aikin kula da tsofaffi. Bai taɓa mallakar gareji ba. A gefen titi yake aiki, akwatin kayan aikinsa na ƙarfe a gefe, kwali a ƙasa, rani da sanyi. Duk taksin 'yan Zongo da ke Bronx sai da ya kwanta a ƙarƙashinta. A wurinmu mutum irin wannan maigida ne, kuma ba a tsallake maigida a kai aiki wani wuri, ko da kuwa ɗinkin maɓalli ne.

Motar kuma kun san ta, ruwan toka, mai dogon baya, ƙirar Faransa. Babanku ya hango ta ne a bayan gidan wani tsohon Bature da ya sauke a wajen gari, ciyawa ta fara cin tayoyinta. Irinta ya tuƙa yana saurayi tsakanin Kumasi da arewa. Ya dawo gida ranar nan bai iya cin abinci ba, yana ta ba ni labarin ƙofarta da fitilarta kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a kasuwa. Ya saye ta, ya kama mata ɗan gareji a kan tudun Highbridge, shi da Baba Issaka suka yi shekaru suna lallaɓa ta duk ranar Lahadi. Ni 'yar autarsa nake kiranta, don ta fi ku samun wanka. Ban taɓa tambayar abin da ke cikinta ba, ban kuma damu ba.

Da ciwo ya kwantar da babanku, motar ta zauna. Da ya rasu aka kai shi maƙabartar Musulmi can cikin New Jersey, inda bas ba ta zuwa sai da wahala. Bayan na fita takaba na fara gane wani abu da ban yi tsammani ba: duk sanda zuciyata ta so zuwa in tsaya kusa da shi in yi masa addu'a, sai na roƙi wani. Wannan yana aiki, wancan zai duba ya gani, wani ya kai ni amma yana ta kallon agogo. Ku ma kuna da ayyukanku, ban ga laifinku ba, amma roƙo ya ishe ni. Ina da lasisi, na sha tuƙa motocin tsofaffin da nake kula da su zuwa asibiti. Ga mota a gareji tana shan ƙura. Sai na ɗauki makulli na kira Baba Issaka.

Ya zo da batir a keken kasuwa, ya yi 'yan dabarunsa, injin ya yi tari ya tashi. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, don ƙarar nan na san ta kamar muryar mutum. Amma da na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta.

"Kada ki motsa koraa, ko kaɗan," in ji shi. "Motan nan zai tafi, tsayawa ne ba zai yi ba."

Ya ɗaga gaban motar, ya cire tayoyin biyu. A ranar na fara ganin abin da ke tsayar da mota. Bayan kowace taya akwai faifan ƙarfe, kuma a gefen faifan akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya rungume shi kamar yadda kike kama bakin faranti da yatsu. Kalipa sunansa. Baba ya ce idan na taka birki, mai ne ke bin siririn bututu ya tura fistin da ke cikin dunƙulen, fistin ya matse faifan, taya ta tsaya. Na tsuguna na ce ya sake faɗa. Shekara nawa ina shiga mota, ban taɓa tambayar kaina wa ke riƙe ni a gangara ba. Na yi ta jero masa tambayoyi har ya yi dariya.

"Hajiya, fita kike so ki zama da tsufan nan?"

"In ka ɗauke ni, Baba, gobe zan zo da kwalina."

Ya ce na motar nan tsatsa ta cinye cikinsu saboda zama, kuma sababbi irinsu an daina yi tun kafin a haife ku. Sai dai a buɗe su, a goge, a sa sababbin robobi. Ya kwance duka biyun. Na hagu ya naɗe a tsumma ya sa a jakarsa, na dama ya ajiye a tsohon buhun shinkafa a kusurwar gareji, ya ce ɗaya bayan ɗaya zai yi, in ya gama zai dawo ya ɗauka.

A nan ne damuwata ta fara, ko in ce a nan ta fito fili. Aikina na shekaru shi ne kallon hannun tsofaffi. Ni nake ba su shayi, ni nake ɗaura musu maɓalli, na san ranar da cokali ke fara kaɗawa tun kafin mai shi ya yarda. Tun ranar sadakar babanku na ga kofin Baba Issaka yana buga faranti a hankali. A gareji kuwa na ga yadda ya kai sifana kan noti ya kuskure, ya sake kaiwa ya kuskure, sannan ya tallafe hannun dama da na hagu kamar yana gyara hannun riga. Na ga yadda yake kai ƙarfe kusa da hancinsa kafin ya gani. Ya ɗauka ban lura ba. Ni kuma na yi kamar ban lura ba, muka rabu a haka kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara.

Na kasa samun natsuwa. Gangaren Highbridge ba wasa ba ne, wanda ya taɓa hawansa da kayan cefane ya sani. Amma in je in ce wa mutumin da ya bar mana gadonsa, Baba hannunka ya gaji, wannan bakina ba zai iya ba. Sai na ce bari dai in fara sanin ko akwai wasu masu irin wannan aikin, sani kawai, ba don komai ba. Mariama, kin tuna na sa ki duba mini a waya, kika ce da Turancinki me zan yi da wannan, na ce ke dai duba. Kin samo mini wani kamfani a wata jiha mai nisa, wai a sa ƙarfen a kwali a aika, su gyara su dawo da shi. Na ce a'a. Ba zan aika abin da babanku ya shafa da hannunsa wurin mutanen da ban ga fuskarsu ba. Na ɗauki buhun shinkafar na je wani shago kusa da mu, mai shagon bai ma buɗe buhun sosai ba ya ce in bari in dawo jibi, zai yi kamar sabo. Na tambaye shi me zai yi masa, ya ce kada in damu. Na sha jin wannan kalmar a bakin likitocin da ba sa kallon mara lafiya, na ɗauki buhuna na fito. Wani kuma ya ce in yar da su, zai samo mini na wata mota ya ɗaura, za su shiga in an ɗan fafe. Shi ma na juya na bar masa shagonsa.

Wani direba ɗan Nijar da ke tuƙa manyan ofis, wanda muke haɗuwa a shagon nama, shi ya ce akwai wata mata a Queens da ba ta yin komai sai birkin tsofaffin motoci. Na ce mata? Ya ce wallahi mace, ta gaji ubanta. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni hawa jirgi. Ku yi tunanin uwarku da mayafi, rungume da buhun shinkafa mai nauyin jariri, mutane suna matsawa saboda warin tsohon mai.

Sunanta Teresa, gajeriya, furfura ta fara mata, tabarau rataye a wuya. Shagon ƙarami ne amma tsaf, kowane ƙarfe da mazauninsa. Abin da ya fara kama ni shi ne ba ta taɓa buhun ba sai da ta gama tambayata. Tun yaushe motar take zaune? A ina take kwana, akwai danshi? Wa zai tuƙa ta? Unguwarmu tudu ce ko shimfiɗa? Da na ce ta mijina ce kuma ya rasu, ta ajiye biron da ke hannunta ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ci gaba. Ta ɗora kalipan a teburi, ta hura masa iska ta wani bututu, fistin ya fito da ƙara har na zabura. Ta haska ramin da tocila.

"Kawo yatsanki," ta ce. "Kada ki yarda da ni, ki ji da kanki."

Na sa yatsa. Cikin ramin da ya kamata ya zama sumul, sai na ji ƙananan ramuka kamar bayan tsohuwar tukunya.

"Goge wannan ba zai yi ba," in ji ta. "Ko an sa sabuwar roba, mai zai bi ta waɗannan ramukan ya tsere, ko fistin ya maƙale. Sai na faɗaɗa ramin, in sa masa riga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, in mayar da shi daidai awonsa na asali. In na gama zan gwada shi da matsi a gabanki."

Na tsaya ina kallon hannunta. Ba ya sauri, ba ya rawa, in ta ɗauki abu ta san inda za ta ajiye shi. Ta nuna mini wanda ta gama wa wani, ta bar ni na juya shi yadda nake so. Duk tambayar da na yi ta amsa, wadda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. A raina na riga na zaɓa tun kafin ta rufe baki. Sai ta leƙa cikin buhun.

"Ina ɗayan?"

"Yana wurin wani," na ce.

"Biyu ake yi tare. Dole su kama da ƙarfi ɗaya. Ki kawo mini shi kafin a ɗaura."

Na ce to. Na faɗa ne irin to ɗin da muke faɗa wa likita in ya ce a daina cin gishiri.

Ga abin da ke kaina, kuma ina so ku fahimce shi don ku ba a Zongo kuka girma ba. A unguwarmu akwai wani tsohon tela da idonsa ya raunana, in ya ɗinka riga hannu ɗaya sai ya fi ɗaya tsawo. Duk sallah mahaifiyata takan sayi atamfa biyu. Mai kyaun ta kai wa telan da ya iya, ɗayar ta kai wa tsohon, ta karɓo ta yi godiya, ta sa a ƙasan akwati. Haka duk matan layinmu suke yi. Tsohon ya mutu yana tela, ba wanda ya taɓa ce masa ya gaza. Da wannan aka raine ni, in aiki ya zo tsakanin wanda ya iya da wanda ya cancanci girma, sai a raba. Na ga kalipa biyu ne, na ce Allah ya kawo sauƙi, ɗaya na Baba, ɗaya na Teresa, kowa ya samu. Ban tsaya na yi tunanin cewa atamfar tsohon tela a akwati take kwana, ba a ɗaura ta a fita ba.

Ranar da na koma karɓa, Teresa ta haɗa shi da wata na'ura mai allura, ta matsa, allurar ta hau ta tsaya cak. Ta ce in zuba mata ido. Muka tsaya muna kallo, ba ta sauka ba. Na dawo da shi yana ƙyalli, na mayar cikin buhun shinkafa a kusurwar da Baba ya bar shi.

Ya zo wata Lahadi da safe da nasa a naɗe cikin tsumma, fuskarsa a sake. Ya ce ya sha wahalarsa paa, wato sosai, amma ya yi. Ya sunkuya ya buɗe buhun, sai ya ga na ciki yana ƙyalli. Ya fito da shi, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya juya, ya sa babban yatsa ya tura fistin.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba, na ga aikin ya yi maka yawa ne, ga sanyi ya fara. Na ce in rage maka."

"Na ce wa ya yi."

Na faɗa masa. Da ya ji mace ce ya ɗaga gira. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya shimfiɗa kwalinsa ya ɗaura duka biyun, nata a dama, nasa a hagu. Ya ce in shiga in zauna, za mu fitar da iska daga bututun. Yana ƙasa yana kira, ni ina sama ina bi.

"Taka. Taka. Riƙe. Saki."

Muka yi ta yi har birkin ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafata. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina ashe dabarar mahaifiyata tana aiki har a Amurka.

Ya zauna a gaba kusa da ni, na fito da motar a hankali. Titi babu mutane sosai. Muka kama gangaren da ke sauka wajen kogi, motoci a jere a gefen dama. Da muka ɗan yi nisa ya ce in taka. Na taka. Sitiyari ya fizge daga hannuna, motar ta yi dama kamar an ja ta da igiya. Na ga ƙofar wata farar mota tana zuwa mini, na yi salati, na murɗe da duk ƙarfina, muka tsaya a karkace, tsakaninmu da ita bai fi tafin hannu ba. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne:

"Titin ne, Baba. Titin nan a karkace yake."

Bai dube ni ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagaya dama ya sa bayan hannunsa kusa da faifan, ya zagaya hagu ya yi haka. Ya daɗe a tsugune a hagun. Sannan ya dawo ya zauna ya rufe ƙofa.

"Nata ya yi zafi," ya ce. "Nawa sanyi ƙalau. Bai kama ba koraa."

Muka mayar da motar gareji da birkin hannu, kamar masu rakiyar mara lafiya. Ya kwance na hagun da kansa, ya sa a buhun shinkafa, ya ce gobe in kai shi wurin matar nan, yana so ya gani da idonsa.

A jirgi ya zauna da buhun a kan cinyarsa, kansa a sunkuye. Amma da muka shiga shagon sai na ga wani Baba Issaka da ban taɓa gani ba. Ya manta da ni. Ya bi teburin yana leƙa kowace na'ura, yana tambaya da Turancinsa na Kumasi, wannan me yake yi, rigar ƙarfen nan yaya ake shigar da ita ba ta tsage ba. Teresa ta gane fita ne tun daga yadda ya riƙe ƙarfe, ta jawo masa kujera, ta nuna masa komai. Har dariya suka yi a kan wata tsohuwar dabara da ya ce suna yi a gida in babu roba. Sannan ta buɗe nasa. Ya goge shi tas, wannan kam ta faɗa. Amma robar ta murɗe wajen sawa, fistin ya shiga a karkace ya maƙale, kuma ramukan tsatsa suna nan a ƙasa inda haske ba ya kaiwa. Ta miƙa masa. Ya kai shi kusa da ido, bai gani ba. Ya sa yatsa, ya ji. Na ga lokacin da ya ji. Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya buɗe hannayensa biyu a kan teburin yana kallon yadda suke kaɗawa, a gaban baƙuwa, bai ɓoye ba.

Sai da muka fito muka tsaya a tashar jirgi ya yi magana.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar sadaka, Baba. Na ga kofin."

"Kin sani, kika bar mini ɗaya."

"Ban so ka ji kunya ba."

Ya juyo gaba ɗaya. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Da kin ɗauke duka biyun, da na yi fushi kwana kaɗan ya wuce. Amma ki ga hannuna ya mutu, ki ɗora ranki a kansa don kada in ji kunya? Da yaro ne a gefen titin nan fa? Da kin mutu a gangaren nan, ranar da na tarar da Alhaji me zan ce masa? In ce matarka ta girmama ni?"

Na yi kuka a tashar nan, mutane suna wucewa. Shi bai rarrashe ni ba.

Wannan shi ne abin da 'yan Mount Hope ba su sani ba. Sun ga ya daina gaishe ni duk tsawon sanyin shekarar, sun ga ya daina karɓar aiki, suka haɗa biyun suka ce don na kai aiki waje ne. Ya yi fushi da ni, gaskiya ne, fushi mai tsanani, in mun haɗu a bakin masallaci sai ya kau da kai, kuma abin ya ci ni fiye da yadda na nuna muku. Amma fushinsa na rabin da na bar masa ne. Sifana kuwa shi ya ajiye da kansa. Daga baya na ji cewa a makon nan ya kira duk direban da ya taɓa wa birki a 'yan watannin, ya ce su je a sake dubawa. Ku yi tunanin abin da wannan ya ci masa, mutumin da sunansa kaɗai ya isa shaida. Har yau ina juya abin a raina. Da ban raba ba, da bai sani ba sai ranar da wata taksi ta ƙi tsayawa. Da na faɗa masa gaskiya tun a gareji, da bai buɗe hannayensa a gaban baƙuwa ba. Ban san wanne ya fi ba, kuma na daina yi wa kaina alkawarin zan sani.

Teresa ta gama na hagun, ta aiko wanda ya ɗaura, motar ta koma tsayawa sak. Amma ban je New Jersey ba. Na kasa. Sai da sanyi ya wuce, itatuwan titin Grand Concourse suka fara toho, wata safiya na je gareji na tarar da shi zaune a kan akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofa, da farar riga da hula. Ban san yadda ya jawo akwatin nan har kan tudu ba.

"Hajiya," ya ce, kamar jiya muka rabu, "buɗe but. Za ki kai ni in gai da ƙanina."

Muka ɗaga akwatin tare muka sa a baya. Ya zauna a gaba. Da muka kai daidai wurin nan a gangare, ya ɗora hannunsa mai rawa a kan allon gaban motar.

"Taka."

Na taka. Motar ta tsaya miƙe, sitiyari bai ko motsa ba. A baya muka ji akwatin ya zamo ya bugi kujera.

"Matar nan ta iya aiki paa," ya ce. "Mu tafi."

Mun je kabarin babanku, mun yi addu'a, ya daɗe a tsaye yana magana ƙasa-ƙasa, ban matsa kusa ba. Da muka dawo na buɗe but zan sauke masa akwatin, ya ce in bar shi, inda ya kamata ya zauna ke nan. Bai sake tambayarsa ba har Allah ya karɓi ransa, aka kai shi maƙabarta ɗaya da babanku, layi kaɗan tsakaninsu. Na ci gaba da zuwa wurinsu su biyu har gwiwa ta hana ni taka birki.

Motar taku ce yanzu, kun ce za ku riƙe ta. In birkinta ya sake neman gyara, ku nemi wanda zai tambaye ku kafin ya taɓa, wanda zai ce ku sa yatsa ku ji da kanku, kuma ku ba shi duka biyun. Akwatin da ke but kuwa na ji ɗayanku yana cewa nauyi ne kawai, a fitar. Kada wanda ya taɓa shi. In kun taka birki kuka ji ya zamo ya bugi kujera, ku yi wa Baba Issaka addu'a.